Shawara ga Mai Niyyar Ziyarar Kufena da Wusasa

Manomin Funtuwa ko Malumfashi da ya kammala aikin kaka, ya kuma ƙudurta ziyarar yini guda zuwa Zazzau, to, ya yi sammako bayan sallar asuba ta hanyar Giwa da Shika, domin Dutsen Kufena, tsohon mazaunin Zage-zagi, ba ya hawuwa da daɗi idan rana ta take. Daga nan ya gangara Wusasa, ya nemi izini cikin ladabi, ya duba majami'ar St Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa wajajen 1929 bisa tsarin ginin Hausa. Amma a ganina, kada azahar ta riske shi sai a Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda asalin gininsa aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne a zamanin Sarki Abdulkarim. Ya riƙe ruwan sha, ya komo gida kafin magariba.