Tsakanin Ɗakin Bincike da Rumbun Manomi: Nazarin Haɗari da Amfanin Aiki da Ƙwayar Cutar Lassa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta ɗauki zazzaɓin Lassa domin auna haɗarin rainon ƙwayar cuta mai kisa a ɗakin bincike da amfanin da hakan ke yi wa al'ummomi irin na ƙasar Yauri.

2.0 Abin da ya faru a 1969

A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da baƙon zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta rasu a Jos. Aka aika jinin majinyata Jami'ar Yale ta Amurka, inda aka ware ƙwayar. Masanin da ke aikin, Jordi Casals, ya kamu, sai da aka yi masa ƙarin ruwan jinin Lily Pinneo, wadda ta warke daga cutar, kafin ya tashi. A ƙarshen shekarar ma'aikaci Juan Roman ya rasu, alhali ba a sa shi aiki da ƙwayar ba. Nan muhawarar ta fi nauyi: Casals ya san abin da ya taɓa, Roman kuwa tsautsayi ya same shi ba da shawararsa ba. Yale ta dakatar da aikin, aka mayar da shi Atlanta, inda ake da ɗaki mai tsananin tsaro.

3.0 Ribar da ta iso gida

Binciken bai tsaya ba. A 1972 aka gano a Saliyo cewa wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da cutar, yana baza ta ta fitsari da kashinsa. Ga manomin Shanga mai shinkafa a rumbu, ko masuncin Ngaski mai shanya kifi a gaɓar tafkin Kainji, wannan sani ya fi ƙarfin labari, domin ɓera ba baƙo ba ne a wurinsu. Kuma a farkonsa zazzaɓin kan yi kama da na cizon sauro ko taifot. Gwaji kaɗai ke rarrabewa.

A ganin mai nazari, kuskure ne a haɗa ayyuka biyu wuri guda. Gwajin gano cuta ana yin sa ne bayan an kashe ƙwayar, don haka ya dace a kusanto da shi ga majinyata. Rainon ƙwaya mai rai, wanda neman rigakafi ke buƙata (har yanzu Lassa ba ta da shi), yana son iska mai tacewa, ƙwararru, da wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya.