Malami da Bindiga a Cikin Aji

A shekarar 2024 jihar Tenesi ta Amurka ta yarje wa malaman makaranta su riƙe ƙaramar bindiga a ɓoye, bayan horon awa 40. Mu da aka sace wa yara a makarantar Kuriga cikin wannan shekarar, maganar ta shafe mu.

Shari'a ba ta hana ɗaukar makami ba in ana fargaba. Aya ta 102 cikin Suratun Nisa'i ta umarci masu sallar tsoro da riƙe makamansu. Amma ku dubi tsarin: an kasa jama'a biyu, wasu na bin liman, wasu na fuskantar abokan gaba. Malamin da ya ba ƙofa baya yana rubutu a allo, yaya zai yi gadi?

Kuma Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kame tsininsu, kada ya ji wa wani rauni. To, balle aji, inda yara ke ƙiriniya.

A ganina, wajibin hukuma ne ta ɗauki masu gadi horarru, ta biya su, ta tsayar da su a ƙofa. Allah ne mafi sani.