Kaka da Jika a Shekarar Annoba: Darasi Daga Gidajen Tambuwal

Duk wanda ya taɓa kwana a babban gida a garin Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko can Kuchi ta ƙasar Kebbe, ya san cewa ɗakin da ya fi kowane cika da dare shi ne ɗakin tsohuwa. Nan ake kai yaro idan za a yaye shi, nan jikoki kan taru su sha tatsuniya har barci ya kwashe su, wani bisa gado, wani bisa tabarma. Kaka ta kira jikanta miji, shi kuma ya tsokane ta da cewa ta tsufa, zai yi mata kishiya. Wannan kusanci abin sha'awa ne, amma ga mai nazarin ilmin halitta yana da wata fuskar. Mutum mai shekara saba'in da yaro mai shekara huɗu suna shaƙar iska ɗaya tun daga sallar isha'i har zuwa asuba. Idan cuta mai bin iska ta shigo ɗakin, dukansu za ta samu. Abin tambaya shi ne, wa za ta kayar, kuma saboda me?

Shekarar 2020 ta ba da amsa mai ɗaci. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas, kuma a ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, ɗaliban kwana suka koma gida. A watan Afrilu cutar ta iso Jihar Sakkwato, lokacin mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma azumin Ramadan ya kama cikin wannan hali. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai garuruwansu, aikin Hajji bai yiwu ba ga alhazan da ke wajen Saudiyya, jarrabawar WAEC kuwa sai a watan Agusta aka fara ta. Sakamakon duk wannan a garuruwa irin su Tambuwal, da ke bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, shi ne gidaje suka cika maƙil da mutanen da a da suke warwatse.

Yadda shekaru suka raba rabo

A cikin watan Afrilu na wannan shekara masu haƙar kabari a Kano suka fara ƙorafin cewa aiki ya yi musu yawa. Da aka yi bincike, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta jawo su. Mafi yawan mamatan sun haura shekara 65. Malamai ne da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, watau kakannin gidaje.

Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a sauran ƙasashe. Wani nazari da aka buga a ƙarshen 2020, wanda ya tattara alƙaluman ƙasashe masu arziki kafin a sami allurar rigakafi, ya nuna yadda haɗarin mutuwa yake hawa da shekaru. Cikin yara 'yan shekara 10 da suka kamu, kimanin 2 ne cikin 100,000 suka mutu. A shekara 25, mutum 1 cikin 10,000. A shekara 55 ya zama 4 cikin 1,000, a 65 ya kai 14, a 75 ya kai 46, a shekara 85 kuwa kimanin 150 cikin 1,000. Ɗalibin da ya iya lissafi zai lura cewa tsakanin jika mai shekara 10 da kaka mai 75 bambancin ya wuce ninki dubu biyu, alhali ƙwayar cutar da ta shige su iri ɗaya ce.

Ke nan amsar tana cikin jikin da cutar ta samu. Garkuwar jikin ɗan Adam hawa biyu ce. Akwai ta farko wadda ake haihuwar mutum da ita, mai kai wa kowace baƙuwar ƙwaya hari nan take ba tare da ta san ko wace ce ba. Cikin makamanta akwai wani sinadari mai suna intaferon, wanda ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro kan saki da zarar bairas ta shige su, domin su gargaɗi maƙwabtansu su rufe ƙofa. Bincike ya nuna cewa a hancin yara wannan ƙararrawa a shirye take, tana kaɗawa da wuri, don haka sau da yawa akan tare cutar tun ba ta gangara cikin huhu ba.

Hawa na biyu shi ne garkuwa mai koyo, wadda takan ɗauki kwanaki kafin ta gane abokin gaba, amma in ta gane shi ba ta mantawa da sauri. Manyan dakarunta fararen ƙwayoyin jini ne iri biyu, ƙwayoyin B masu ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, da ƙwayoyin T masu kashe duk ƙwayar halittar da bairas ta mamaye. Su ƙwayoyin T a wata 'yar gaɓa ake horar da su, mai suna taimos, wadda ke bayan ƙashin ƙirji. A nan ne tsufa ya fi yin ɓarna. Taimos tana da girma da kuzari a lokacin ƙuruciya, amma bayan balaga sai ta riƙa motsewa, kitse yana maye gurbinta, har ya zamana ɗan abin da ya rage mata a jikin tsoho bai taka kara ya karya ba. Saboda haka jikin tsoho cike yake da ƙwayoyin da suka san tsofaffin cututtuka, amma sababbin dakaru masu iya koyon yaƙi da baƙuwar cuta sun yi ƙaranci. Korona kuwa baƙuwa ce ga kowa a 2020.

Idan garkuwa ta makara, bairas takan sami sarari ta yaɗu cikin huhu. Daga nan jiki ya tashi da faɗa ba kan gado, kumburi ya yi yawa, ruwa ya taru a 'yan jakunkunan iska na huhu, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi. Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu wannan martani mai wuce gona da iri ne ya ƙarasa su. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda sukan ƙara dagula al'amarin, kuma a ƙauyuka ba kasafai tsoho ke sanin yana ɗauke da su ba, domin bai taɓa zuwa an gwada shi ba.

Wannan kuma shi ne babban dalilin da ya sa Nijeriya ba ta ga irin abin da Italiya ta gani ba. A Italiya fiye da mutum ɗaya cikin biyar ya haura shekara 65, a Nijeriya kuwa kimanin uku ne kacal cikin ɗari. Alƙaluman hukuma sun ce waɗanda korona ta kashe a ƙasar nan sun ɗan haura 3,000. Bai kamata ɗalibi ya ɗauki wannan adadi a matsayin duka labarin ba. Gwaji ya yi ƙaranci, mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista, kuma tsohon da ya rasu da safe a ƙauye an yi masa sutura kafin azahar, aka ce tsufa ne.

Ba kowace annoba ke zaɓen tsoho ba

Kuskure ne a ɗauka cewa haka dokar take a kullum. Murar da ta game duniya a 1918, wadda ta sauka a Legas cikin Satumba ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta fatake zuwa Arewa, matasa majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40 ta fi kwashewa, ta bar tsofaffi da renon marayu. An ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya.

Sanƙarau kuwa yara da matasa ya fi so, kuma ƙasar Sakkwato ta san shi sarai, domin tana tsakiyar yankin da ya faro daga Senegal zuwa Habasha inda cutar kan tashi da rani. A 1996 an ƙirga waɗanda suka kamu a Nijeriya fiye da 100,000, waɗanda suka mutu fiye da 11,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a ƙasar nan a 2011 ta kusa kawar da nau'in A, sai ga nau'in C ya taso, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina a 2017, inda fiye da mutum 1,100 suka rasu. Ƙwayar sanƙarau bakteriya ce, kuma takan zauna a maƙogwaron mutum mai lafiya ba tare da ta sa shi ciwo ba. Babba ya sha haɗuwa da ita da danginta a tsawon rayuwarsa, jikinsa ya tara kariya, yaro kuwa bai yi wannan karatun ba tukuna. Wato abin da ya zame wa tsoho rauni a gaban korona, dogaro da tsohon sani, shi ne ƙarfinsa a gaban sanƙarau.

Abin da jika ya yi asara

Korona ta ƙyale yara, amma shekararta ba ta ƙyale su ba. Jariri yakan zo duniya da aron garkuwa. A watannin ƙarshe na ciki antibodin uwa kan ratsa mabiyiya su shiga jininsa, sannan dakashi, wato nonon farko mai ruwan ɗorawa, ya shafe masa hanji da wata kariyar. (Har yanzu akwai gidajen da ake tatse dakashi a zubar da sunan ba shi da kyau, kuma sau da yawa kaka ce mai ba da umurnin. Wannan al'ada ta cancanci a bar ta.) Shi aron nan cikin 'yan watanni yake ƙarewa, shi ya sa aka tsara allurar ƙyanda a wata tara. Yaron da ya wuce wannan lokaci ba a yi masa ba, a buɗe yake ga cutar da mutum ɗaya kan iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 idan ba su da kariya.

Tun kafin annoba Jihar Sakkwato tana baya a wannan fage. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 5 cikin ɗari ne kawai na yaran jihar 'yan wata 12 zuwa 23 suka sami dukan muhimman alluran rigakafi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 31 ne. Da 2020 ta zo, tsoron asibiti da wahalar mota da jita-jita suka ƙara nisanta iyaye mata da wurin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa yara miliyan 23 a duniya ba su sami alluransu ba a wannan shekara, ƙarin miliyan 3.7 kan na 2019. Mace-macen zazzaɓin cizon sauro ma sun ƙaru zuwa 627,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya ne. A cikin wannan shekarar dai, ranar 25 ga Agusta, aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, aikin da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka ba da babbar gudummawa a cikinsa.

Abin da ginin gida zai iya

Shawarar da aka riƙa yaɗawa a rediyo, cewa kowa ya killace kansa a ɗakinsa, an tsara ta ne don gidan da ke da ɗaki ga kowane mutum. A gidan da mutum talatin suke cin tuwo daga tukunya ɗaya ba ta da wurin zama. Sai dai gidan Bahaushe yana da nasa makamin. An gano cewa korona ta fi yaɗuwa ta 'yan ɗigon numfashi masu shawagi a rufaffen ɗaki, a fili kuwa iska kan tarwatsa su. Tsakar gida fili ce. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kowa a waje yake kwana, kuma wannan kariya ce ko da ba a yi ta da niyya ba. Haɗarin yana cikin hunturu, sa'ad da ake toshe taga da tsumma, a hura wuta, a cunkusu wuri ɗaya. A cikin hunturun Disambar 2020 zuwa Janairun 2021 ne cutar ta sake tasowa karo na biyu a Nijeriya.

Don haka abin da zai yiwu kaɗan ne, amma yana da tasiri. Yaron da ke tari ko zazzaɓi ya kwana wajen uwarsa har ya warke. Wanda ya dawo daga tafiya ya gai da tsoho a tsakar gida ko a ƙofar zaure, kuma gaisuwar durƙuso dama ba ta bukatar musabaha. Masu dubiya su taƙaita zama a ɗakin marar lafiya. A kai tsofaffi a gwada musu jini da suga tun suna ƙalau, kuma idan allura ta zo su ne kan gaba. Guje wa annoba ba sabon abu ba ne ga Musulmi, domin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin ta ɓarke a can.

Aikin aji

Malami na iya sa kowane ɗalibi ya zana jadawalin mutanen gidansu: shekarun kowa, ɗakin da yake kwana, mutum nawa ne a ɗakin, da yawan tagogin da ake buɗewa. Sannan ya nemi izinin kakarsa ya duba damtsenta. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa kafin 1970 suna da tabon lambar agana, cutar da aka fara gangamin kawar da ita a Afirka ta Yamma a 1967, aka kuma tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Ɗalibi ya kwatanta wannan tabo da na allurar tarin fuka da ke hannun ƙanensa, ya tambayi tsohuwar wace shekara aka yi mata, wa ya yi mata, kuma yara nawa ta sani da agana ta ɗauke kafin masu lamba su zo garinsu.