Awon Iska a Marufin Maƙogwaro Lokacin Aikin Likita

Hakimai da malamansu suna cikin waɗanda talakawa kan tuntuɓa kadan Likita ya ce za a yi wa mutum aiki. Saboda haka ya kamata su san abin da a ke yi wa majinyaci bayan an ba shi banju, watau maganin sa barci.

Mutum in ya yi nisa cikin banju, naman maƙoshinsa ya kan saki, harshe ya koma baya ya tare hanyar numfashi. Ɗaya daga cikin dabarun hana wannan shi ne marufin maƙogwaro. Wani Likita na Ingila, Dokta Archie Brain, shi ya ƙago shi a Landan cikin 1981, aka soma sayar da shi cikin 1988. Siffarsa kamar ludayi ce: bututu mai lanƙwasa, a ƙarshensa akwai ɗan kwano mai zoben roba a gefe. A kan zura shi ta baki har ya zauna bisa ƙofar maƙogwaro, sa'an nan a hura wa zoben iska da sirinji, ya like wurin, numfashi ya bi ta bututun kaɗai.

To, a nan hankali ya ke. Mai keke ya saba da cewa in taya ta sha iska sosai ta fi kyau. Wannan zobe ba haka ya ke ba. In an cika shi ya kan sandare, ya daina bin siffar maƙoshi, har iska ta riƙa zurarewa ta gefe fiye da dā. Kuma ya kan danne naman wurin, jini ya kasa gudana cikin ƙananan hanyoyinsa. Majinyaci ya farka da ciwon maƙoshi, ko wuyar haɗiya, ko dushewar murya. Wani lokaci, ko da ya ke ba safai ba, jijiyar harshe a ke dannewa, gefen harshe ya yi kwanaki ko makonni ba ya jin kome.

Ƙa'ida ita ce kada ƙarfin iskar ya wuce santimita 60 na ruwa, watau dannawar ruwan da ke tsaye cikin bututu mai tsawon kusan ƙafa biyu. An kuma yanke wa kowane girma iyakarsa: lamba 3 mililita 20, lamba 4 mililita 30, lamba 5 mililita 40. Amma wannan iyaka ce, ba abin da za a nema a kai ba. Sau da yawa rabinta ya isa. Waɗansu ma'aikata kan latsa 'yar jakar da ke waje da yatsa su ce sun gane. Yatsa ba ma'auni ba ne. Akwai ɗan agogo na musamman da a ke haɗawa da jakar, allurarsa ta nuna adadin nan take, kuma kuɗinsa bai kai wahalar da ya ke hanawa ba.

Awo ɗaya kuwa bai isa ba. In ana amfani da iskar banjun nan da Turawa ke kira iskar dariya, ta kan ratsa robar ta shiga cikin zoben, ya yi ta kumbura ana cikin aiki. Dole a sake aunawa, a rage. Cikin 2007 aka fito da wani iri mai suna i-gel, wanda zobensa na roba mai taushi ne, ba a hura masa iska ko kaɗan.

Abu biyu Hakimi zai iya sanar da jama'arsa. Na farko, wannan marufi ba ya tsare huhu sarai daga amai, don haka in an ce kada majinyaci ya ci abinci awa 6 kafin aiki, kada dangi su ba shi ko da kunu ne a ɓoye don tausayi. Na biyu, ɗan ciwon maƙoshi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, amma in harshe ya mutu, ko murya ta ƙi dawowa, a mai da mutumin asibitin da aka yi masa aikin, a gaya wa Likita ranar da abin ya fara.