Darasin Lafiya: Hayaƙin Murhu da Sojojin da ke Cikin Jininki

Darasinmu na wannan fitowa a kan hayaƙi yake, abin da kullum muke shaƙa har mun daina ɗaukarsa a bakin komai.

Uwargida, ki sani a cikin jininki akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne yaƙar cuta, kuma a ɓargo ake ƙera su. Babba mai lafiya yakan samu tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a ɗan ɗigon jini kamar kan allura.

To me ya haɗa su da hayaƙi? Hayaƙin itace da gawayi da janareta yana ɗauke da ƙura mai laushin gaske, wadda silin gashi ya fi ta kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare ta, sai ta zarce can cikin huhu. Ƙwayoyin da ke gadi a huhu su haɗiye ta, su aika wa ɓargo cewa an kawo hari, shi kuma ya turo ƙarin sojoji, har da waɗanda ba su gama nuna ba. An ga haka a Singafo a 1997, lokacin da hayaƙin gobarar dajin Indonesiya ya rufe garin: irin waɗannan ɗanyun ƙwayoyi sun ƙaru a jinin samari masu lafiya, da iska ta washe suka ragu.

Kada ki ce ai ƙaruwar sojoji alheri ce. Idan na kwana biyu ne, jiki zai koma daidai. Amma mai hura wuta safe da yamma shekara da shekaru, jikinta kullum cikin yaƙi yake, kuma wannan yaƙin yana cin huhu da hanyoyin jini a hankali, har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020.

Tururin fetur kuwa akasin haka yake yi. Akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda ke lalata ɓargon kansa. Wani bincike na 2004 a kan masu aikin takalma a ƙasar Sin ya nuna ko kaɗan ake shaƙa, in an daɗe, fararen ƙwayoyin raguwa suke yi. Benzin yana kuma jawo sankarar jini.

Ga abin yi:

1. Ki yi girki a fili, ko a kicin mai taga.
2. Ki yi amfani da busasshen itace, kada ki haɗa wuta da leda ko roba.
3. Ki sauke goyo kafin ki sunkuya hura wuta.
4. Ki lallaɓa maigida a nisanta janareta da taga, a daina ajiye galan ɗin fetur a ɗaki.
5. In da hali, a koma gas.

In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki je asibiti. Idan an auna jini, ki gaya wa likita irin wutar da kike girki da ita, shi zai bambance aikin hayaƙi da na wata cutar.

Allah ya ƙara mana lafiya da zuri'armu, amin.