Bayan An Watse Daga Zaman Makoki

 Ina so in yi ɗan bayani a kan wani darasi da na koya, ba a cikin aji ba, watau amfanin zaman taimakon juna ga waɗanda baƙin ciki ya yi wa nauyi.

Ina aji uku Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Gidanmu ya cika da jama'a, ana ta yi mana ta'aziyya, ana ba mu haƙuri. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, kowa ya kama gabansa. To, a nan ne fa mutuwar ta shige ni sosai. Na koma makaranta, amma ba na iya barci, abinci ba ya yi mini daɗi, malam na koyarwa hankalina na wani wuri. Ni da nake zuwa na biyar a jarrabawa, sai ga ni kusa da na ƙarshe. Ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron a ce ba ni da tawakkali, ko kuwa a ce na taɓu.

Ran nan malaminmu mai ba da shawara ya kira ni, ya haɗa ni da waɗansu ɗalibai biyar, dukansu marayu. Muka riƙa zama kowace Alhamis bayan la'asar a gindin wata darbejiya. Zaman farko ban ce uffan ba. A na biyu sai wani ɗan aji huɗu ya ce shi har gobe in ya ji ƙararrawar keke a ƙofar gida sai ya zabura, yana tsammanin babansa ne ya dawo. Na ji kamar zuciyata ya buɗe ya karanta. Ashe ba ni kaɗai ba ne! Ran nan na yi magana, na yi kuka, ba wanda ya yi mini dariya, kuma da dare na yi barci.

Daga baya na gane ba mu muka fara wannan dabara ba. A ƙasar Zimbabuwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, wanda ya ga likitoci irinsa sun yi wa jama'a kaɗan ƙwarai. A shekarar 2006 sai ya koya wa waɗansu tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare ta birnin Harare yadda za su saurari mai damuwa. Aka kafa musu benci a harabar asibiti, ana kiransa Bencin Abota. Mutum ya zo ya zauna da kaka har sau shida, ta saurare shi, su zaɓi matsala guda, su nemi hanyar warware ta tare. In ya gama sai ya shiga taron waɗanda suka riga shi zama a bencin, suna hira, suna saƙa jaka don sayarwa. Wani bincike da aka buga a 2016, a kan mutum 573, ya nuna bayan wata shida wajen kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya ɓangaren kusan rabi ne.

Me ya sa irin wannan zama yake aiki? A ganina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ɗanɗani abin da ka ɗanɗana ba sai ka wahala wajen yi masa bayani ba. Kuma in ka ga wanda ya riga ka shiga halin ya miƙe, sai ka sa rai kai ma za ka miƙe.

Amma zaman yana da ƙa'idodi. Na farko, abin da aka faɗa a wurin amana ne, ba a fita da shi. Na biyu, ba a katse mai magana, ba a tilasta wa mai shiru. Na uku, ba a cewa damuwar wani ƙarama ce. Na huɗu, a sami babba mai hankali da zai riƙa lura. Sa'an nan a sani zaman ba ya maye gurbin likita. In ɗan'uwa ya fara zancen ya gaji da duniya, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A gaya wa malam da iyaye nan da nan, a kai shi asibiti, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in yaro ya yi shiru bayan wani rashi, kada a ɗauka ya manta. A jawo shi a jiki, a bar shi ya faɗi abin da ke ransa. Faɗin damuwa ba ya rage imani. Mu kuma ɗalibai, mu duba na kusa da mu a aji da ɗakin kwana. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu haƙurin rashinsu, amin.