Yadda Ake Gano Abin da Ke Daskarar da Allon Saba Bayan An Shiga

Ka rubuta sunanka, ka sa kalmar sirri, sabar Linux ta karɓa, har ta nuna maka ranar da ka shiga ta ƙarshe, sai komai ya tsaya cak. Alamar $ da kake jira ta ƙi fitowa. A nan ne hannu kan tafi kan maɓallin kashewa, kuma shi ne abin da nake roƙo a bari. Galibi injin lafiyarsa ƙalau, yana ta yi wa jama'a aiki, shigarka ce kaɗai ta maƙale. Kashewa da ƙarfi na iya lalata bayanan da ake cikin rubutawa, kuma tana share sawun da za ka bi ka gano cutar.

Fara da abin da ba ya cin lokaci. Danna Ctrl+Q, domin idan yatsa ya taɓa Ctrl+S bisa kuskure allo yakan daina nuna rubutu har sai an sake shi. Taɓa Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa: in tana kamawa tana mutuwa duk lokacin da ka taɓa, kanel, wato zuciyar Linux, yana raye. Sai Ctrl+C. In alamar umarni ta bayyana, to wani layi ne cikin fayilolin da ake karantawa lokacin shiga ya riƙe ka.

In duk shiru, nemi wata ƙofa. Alt+F2 zai kai ka wani allon shiga, ko ka zo ta SSH daga wata kwamfuta. A wannan karon shiga da root, in an ba shi izini. Dalili kuwa shi ne, sunansa yana cikin /etc/passwd, foldarsa /root tana kan faifan injin, ba ya jiran kowa a waje. In root ya wuce kai ka maƙale, rabin aiki ya ƙare: matsalar tana tattare da asusunka ko inda aka ajiye foldarka.

Shiga saba kamar tseren miƙa sanda ne. Agetty ya miƙa wa login, login ya tambayi PAM, PAM ya yi rajistar zamanka wurin systemd-logind, sannan bash ya karanta /etc/profile, da abin da ke /etc/profile.d, da .bash_profile ko .profile naka. Aikinka shi ne gano wanda ya riƙe sandar. Agogo yana taimakawa sosai. In ka jira kamar daƙiƙa 25 sannan ƙofa ta buɗe, zargi logind, don wannan ne wa'adin da D-Bus ya saba bayarwa kafin ya haƙura. Umarnin journalctl -b zai nuna ƙorafin pam_systemd, kuma systemctl restart systemd-logind kan warware shi a sabar da ba ta da tagogin zane. Jinkirin da yakan wuce da kansa kuma yakan fito daga DNS ko LDAP da ba sa amsawa, don haka duba /etc/resolv.conf da sssd.

Wanda ba ya wucewa ko an kwana, NFS ne na fi zargi. Wurare da yawa suna ajiye foldojin ma'aikata a wani injin ajiya dabam, su haɗa shi da saba ta NFS. A ɗauke wuta a dawo da ita, saba ta tashi, injin ajiyar bai tashi ba, ko wayarsa ta fita. NFS a tsarinsa na asali ba ya fid da rai, zai yi ta gwadawa har abada, shi ya sa bash ke tsayawa da zarar ya nufi foldarka. Rubuta dmesg, za ka ga layin da ke cewa sabar nfs ba ta amsawa. Rubuta ps aux ka duba masu harafin D, su ne masu jiran faifai ko hanyar sadarwa. A kula, df -h ma zai maƙale a wannan hali, sai a yi df -hl wanda ke duba faifan gida kaɗai. Magani shi ne a tayar da injin ajiyar. In ba zai samu yanzu ba, umount -l ya cire haɗin. Wasu kan mayar da haɗin zuwa soft don su huta. Ban yarda da wannan ga foldar da ake rubutu a ciki ba, don yana iya salwantar da bayanai ba tare da kowa ya sani ba. Gara autofs.

In ba NFS ba ne, df -hl da df -il za su nuna ko faifai ya cika. In dmesg na maimaita kuskuren karatu, ko yana cewa wani aiki ya tsaya fiye da daƙiƙa 120, mai yiwuwa faifan ne ke mutuwa. Kwashe bayanai tukuna, gyara daga baya.

Idan kuwa laifin na fayilolin shiga ne, gwada bash --noprofile --norc, sannan bash -lx, wanda ke nuna kowane layi kafin ya zartar da shi. Layin ƙarshe da ya bayyana shi ne mai laifin. A Ubuntu a leƙa /etc/update-motd.d ma.

Sai duk ƙofofi sun rufe ake sake tayar da injin, shi ma da tsari. In an kunna SysRq, riƙe Alt da SysRq ka danna S don a zuba abin da ke ƙwaƙwalwa a faifai, U don a hana rubutu, sannan B. A GRUB danna e, ƙara systemd.unit=rescue.target a ƙarshen layin linux, ka gyara /etc/fstab daga can.